Gudun nawa ya kamata ka yi in kana jan ƙaramar tirela a titin Kaduna ko Kano?

Wai mutum ya ɗaura ƙaramar tirela a bayan motarsa, ya fita daga Zariya ya hau titin Kaduna ko na Kano, gudun nawa ya kamata ya yi? Wannan musun kwanan nan ya yi yawa a gareji da majalisar dare, kuma kowa da tasa. Wani ya ce maka tunda injin motar na ja ba ya kuka kawai ka taka abinka, ai titin ya yi sumul. Wani ya ce kada ka kuskura ka wuce 40. Na ukun kuma ya ce ai tafiyar hawainiyar ita ce ma haɗarin a wannan hanyar, don kana cikin rarrafenka Sharon ko Hummer bas za ta taso ta bayanka da maleji a ƙure.

Abin da ya jawo maganar ba ɓoyayye bane. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 hayar a-kori-kura ta zama abin da ta zama, mai kayan haya na kanofi da kujerun biki, da mai janareta da lasifika, da manomin da ke da injin casa ko injin ban ruwa, da yawa sun ga gara su je wajen mai walda ya haɗa musu 'yar tirela mai taya biyu su riƙa ja da motar gida. Ga kuma aikin titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano da aka fara a 2018, inda sabuwar kwalta ta samu ƙafa da kanta take nitsewa kan totur ba ka sani ba. Ni dai a ganina duk masu musun suna kallon mota ne da titi, alhali wadda ke yanke maka gudun tana can baya, ita tirelar, kuma yawanci ba wanda ya tsaya ya dube ta da kyau.

Wace irin tirela ake magana

Ba tirelar siminti ko tankar mai da ke kwana a Mararrabar Jos muke nufi ba. Muna maganar 'yar ƙarama ce mai aksil ɗaya, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi ta ƙasa, taya ɗaya kowane gefe, da dogon wuya na ƙarfe da ake maƙalawa a bayan mota. Iri biyu ne a gari. Akwai 'yar kamfani wadda ke shigowa cikin kayan Beljiyam, tana da farantin da aka rubuta nauyinta da iyakar abin da za ta ɗauka, wata ma har da birkinta. Sai kuma haɗin gida, wadda aka samo aksil ɗin baya na tsohuwar mota aka ɗora mata firam da bodi, kuma ita ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. Masu waldarmu sun iya aiki, ba raina su nake ba, amma galibi ƙarfi suke dubawa, kada ta karye kada ta lanƙwashe, shi yasa za ka ga ita kanta ba kaya ta yi nauyi sosai. Inda za a dasa aksil da tsawon wuya kuwa da ido ake yi, kuma nan ne matsalar gudu take farawa.

Me doka ta ce

Littafin dokokin hanya na hukumar kiyaye haɗurra, wato 'yan Road Safety da aka kafa a 1988, yana da jadawalin gudu. Motar gida kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a titi mai hannu biyu irin namu na Kaduna. Tasi da bas 90 a mai hannu biyu. Tanka da babbar tirela 45 cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a mai hannu biyu. Sannan akwai layin motar janwe, idan tana jan wata 45 ne ko'ina take, ko cikin gari ko waje.

Toh kaga babu ta inda mai jan kaya zai ce wannan 100 ɗin tasa ce. 100 ta motar da ke tafe ita kaɗai ce. Da zarar ka maƙala wani abu a baya ka fita daga wannan layin, kuma jami'in da ya tsayar da kai ya nuna maka 45 ba ka da bakin musu sosai. Maganar takardu da lamba ta ita tirelar kanta kuwa, ka leƙa ofishin VIO ka tambaya tun kafin ka fara fita da ita, ya fi maka sauƙi a kan a yi maka bayanin a bakin titi kaya na rana.

Ƙasashen da jan ƙaramar tirela ya zama ruwan dare ma ba sa barin mutum ya sake. A Jamus, inda motar gida ke da wuraren da ba a ƙayyade mata gudu ba sam, mai jan tirela 80 aka ba shi, sai in an duba tirelar an ba ta takardar musamman sannan ya kai 100. A Ingila mil 60 ne a manyan tituna, kusan kilomita 96 kenan, a hanya mai hannu ɗaya kuma mil 50, wato 80. A jihar Kalifoniya ta Amurka mil 55, kusan 88. Kuma fa wannan tirelolin kamfani ne masu taya mai kyau, a titin da ba akuya ba ɗan acaɓa mai tahowa ta hannun da ba nasa ba.

Lilo, abin da ke kifar da mutane

Wanda bai taɓa ja ba yana ɗauka haɗarin shine tirela ta tsinke. Tana tsinkewa kam, za mu zo nan, amma abin da ya fi kayar da mota shine lilo. Tirela a wuri ɗaya tak take riƙe da mota, don haka tana iya kaɗawa hagu da dama. A ƙaramin gudu in wani abu ya ture ta, ko rami ko iska, za ta kaɗa sau ɗaya sau biyu ta dawo ta daidaita da kanta. Amma kowace mota da tirelarta suna da wani gudu wanda in an haye shi kaɗawar ba ta mutuwa, kowace kaɗawa tana fin ta baya girma, ta ja bayan motar hagu, ta dawo ta ja shi dama, cikin 'yan daƙiƙu tayoyin bayan mota sun saki kwalta, sai dai a ji mutum a cikin rami ko kan kankaren tsakiya.

Abin tsoron shine wannan gudun ba a rubuce yake a ko'ina ba, kuma ba ɗaya bane kullum. Tirelar da jiya ta yi 90 lafiya lau da janareta a gaba, yau in aka jera mata kujeru da ƙarafan kanofi suka leƙo ta baya tana iya fara rawa a 65. Shi yasa maganar "ai na saba, ko jiya na yi 100 da ita" ba hujja bace. Kuma kana iya tafiya a saman wannan gudun na tsawon lokaci ba abin da ya faru, don ba abin da ya taɓa ta, sai lokacin da doguwar bas ko tanka ta zo wucewa. Iskar gabanta za ta fara tura bayan tirelar waje, tana gotawa kuma ta zuƙo ta ciki, shikenan an kunna. Haka iskar hadari ta farkon damina a filin da ba bishiya, haka in tayar tirela ɗaya ta sauka gefen kwalta ka fizgo ta da sauri, haka gangara, don a gangara tirela ba binka take ba, turo ka take.

In ta fara, abu biyu da jiki zai ce ka yi duk kuskure ne. Na farko taka birki da ƙarfi, wanda zai sa motar ta rage gudu tirelar kuma ba ta rage ba, ta zagayo ta gefe ta naɗe. Na biyu bin ta da sitiyari, ta yi hagu ka yi dama, hannun mutum baya kamo saurinta, ƙarshe kai ne kake ƙara mata. Akwai kuma masu cewa ka ƙara wuta za ta miƙe, wannan shawarar dan Allah a daina ba mutane, gudu ne ya kawo lilon, kuma motar gida ɗauke da kaya ba ta da ƙarfin da za ta fizge ta ta miƙar, sai dai ka ƙara gudun da za ka faɗi da shi. Abin yi ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari da hannu biyu a miƙe, ka bar gudun ya sauka da kansa. In ta lafa ka samu wuri ka faka ka sauka ka gyara lodi, kada ka ce bari in lallaɓa haka, ta riga ta gaya maka akwai matsala.

Inda ka ɗora kaya ya fi yawan kayan muhimmanci

Duk wanda ya taɓa lura da mai ruwa da kurarsa ya san wannan. In jarkokin suka taru a can gaba nesa da shi hannun kurar sama yake yi yana neman ɗaga shi, in suka taru ta wajensa kuma nauyin duk a hannunsa yake. Tirela ma haka take a kan aksil ɗinta, wuyanta shine hannun, bayan motarka ne ke riƙe da shi. In nauyi ya koma bayan aksil wuyan zai riƙa ɗaga bayan mota, tayoyin baya su rage kama ƙasa, kuma wannan shine babban mai kawo lilo. In nauyin ya taru a wuya da yawa bayan mota ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilunka na haska saman bishiya suna kashe wa masu tahowa ido.

Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce kusan kashi 60 cikin 100 na kayan su kasance gaban aksil, mafi nauyin a ƙasa kuma kusa da aksil ɗin. Nauyin da ke sauka kan mahaɗin mota kuma, wato ƙarfen bayan mota da ake maƙala wuyan tirela, a Turai suna ɗaukar wajen kashi 5 zuwa 7 na nauyin tirela da kayanta, a Amurka 10 zuwa 15. In ka tsaya wajen 7 zuwa 10 ba ka yi nisa ba. Wato tirela da kaya in sun kai kilo 600, wuyan ya danna da kilo 40 zuwa 60, kusan buhun siminti ɗaya. Ba sai da wani injin gwaji ba, sikelin awon hatsi ya isa, ka sa katako a tsaye ƙarƙashin wuyan daidai tsayin mahaɗin motar ka karanta. In ba sikeli gwada ɗagawa, in ka ɗaga wuyan tirela mai lodi da hannu ɗaya kamar wasa toh bayanta ya yi nauyi, a sauke a sake.

Sai ɗauri. Janareta da ba a ɗaure ba, birki ɗaya zai zo gaba, hawa ɗaya zai koma baya, lissafin da ka yi a gida ya tashi a banza. Tankin ruwa kuma shi nasa daban ne. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tanki mai lita 1,000 tan guda kenan cif, ya fi ƙarfin motar gida. Mutane sai su ce bari a zuba rabi don a rage nauyi, alhali rabin tanki ya fi cikakke mugunta a hanya saboda ruwan na kai da kawo a ciki, kowace kwana sai ya bugi gefe. Gara ƙaramin tanki a cike. Dabbobi ma haka, raguna in ba a tsare su wuri ɗaya ba duk kwanar da ka sha sai sun taru gefe guda.

Su kuma masu walda, in za a ba su aiki a gaya musu aksil ya ɗan koma baya da tsakiyar bodi, wuya kuma kada a gajarta shi don tsimin ƙarfe. Tirela mai gajeren wuya ta fi saurin lilo kuma ta fi wuyar ribas. Bodi mai tsawo sama shima iska yake tarewa.

Birkin mota ɗaya, nauyin mota ɗaya da rabi

Yawancin haɗin gida ba su da birki ko kaɗan, birkin motar ne ke tsayar da komai. A Turai tirelar da ba birki ba a yarda ta wuce kilo 750 ba ita da kayanta, ko da Hilux ce ke ja, a Ingila ma sun ƙara da cewa kada ta wuce rabin nauyin motar. Corolla nauyinta wajen kilo 1,200 zuwa 1,300 ne, rabi kenan 600 da 'yan kai. Yanzu cire nauyin ita tirelar, a ce 250, abin da ya rage maka bai wuce buhun masara 4 masu kilo 100 ba, ko siminti 7 zuwa 8. Na san wani zai yi dariya ya ce shi 10 yake ɗorawa daga Giwa kuma motar na ja. Tana ja mana, ja ba wuya, a giya ta ɗaya ko Starlet za ta motsa tan guda. A wajen tsayawa ake gane kuskuren.

Lissafin ba shi da wahala. Mota mai kilo 1,300 da tirela mai 650 ba birki, nisan da za ka ci kafin ka tsaya ya ƙaru da kusan rabi. Shi kuma gudu ba ɗaya bayan ɗaya yake ƙara nisan birki ba, ninkawa yake, in ka ninka gudu sau 2 nisan birki sau 4 yake zama. Daga 60 zuwa 100 kusan sau 3 ne. Daga 80 zuwa 100 ma, da mutane ke gani kamar ba komai, ya haura rabi. Ƙara da cewa a 100 kana cin mita 28 duk daƙiƙa ɗaya tun kafin ƙafarka ta isa birki, a 60 kuma mita 17. Yanzu ka tuna yadda Jaji ko Tashar Yari ko Kwanar Ɗangora suke, masu talla na tsallakawa, mota ta tsaya sauke fasinja ba sigina, wani ya fito daga yutan ba ya duba ba.

Saboda haka tazarar da kake bari tsakaninka da na gaba ninka ta, in ka saba barin daƙiƙa 2 ka bar 4 ko 5, ko da wasu za su riƙa shiga gurbin, su shiga. A gangara ka sauko da giya injin ya riƙe maka, kada ka kwanta kan birki har ya yi zafi ya fara wari, birki in ya ɗau zafi laushi yake yi. Mai otomatik shima yana da ƙananan giyoyi, ya yi amfani da su, kuma ya sani jan kaya a zafin Maris da Afrilu yana dafa man giya, ya riƙa kallon allurar zafi.

Taya da boris

Nan ne ake tsimin da ke jawo asara. An gama kashe kuɗi a ƙarfe da fenti, sai a je wajen mai faci a ce ya ba da duk wata tsohuwar taya, ai tirela ce kawai. Taya tana da ranar haihuwa a jikinta, lambobi 4 ne a gefe, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2319 an yi ta ne a mako na 23 na 2019. 'Yan Road Safety shekara 4 suke ɗauka a matsayin wa'adin taya. Ta tirela kuma ba gudu ke cinye ta ba, zama ne, tana ajiye a rana wata da watanni, zanenta na nan kamar sabuwa amma gefenta duk ya tsattsage. Taya ɗaya ce kowane gefe, in ta fashe ba mai taimakonta.

Masu ƙananan tayoyi irin na inci 8 ko 10 da ke zuwa da wasu 'yan Beljiyam su ƙara kula. Ƙaramar taya ta fi juyawa, a gudun 80 tayar mota mai inci 15 na juyawa ƙasa da sau 700 a minti, mai inci 8 kuwa wajen sau 1,000. Zafi kenan a roba, zafi a boris, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu. Boris ɗin da ya bushe ba giris in ya yi zafi kamewa yake ko ya watse, taya ta fice ta wuce ka a guje kana kallo. Gwajinsa kafin tafiya, ɗaga gefen da jak, juya tayar ka saurara ko tana gurnani, kama ta sama da ƙasa ka girgiza ka ji ko tana motsi. Iska kuma da safe ake gwadawa taya na sanyi, kuma da geji, ba da bugun ƙafa ba, don ƙarancin iska ne ke sa taya zafi har ta fashe. Sifeyar tirela daban take, sau da yawa ramukan notinta ba su dace da na motar ba, kada sai a dajin hanya ka gano haka.

Mahaɗi, sarƙa da wuta

Mahaɗi na gaskiya a jikin shasin mota ake ɗaure shi da manyan notuna. Wanda aka liƙa da walda a bamba ko a ƙugiyar da kamfani ya sa don jan mota in ta mutu, wannan jiran rana yake. Haka masu zura guntun rodi a rami a madadin fin ba tare da abin da zai hana shi tsalle ya fita ba.

Ga wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Ƙwallon ƙarfen da ake ɗora bakin tirela a kai ba girma ɗaya bane. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka akwai inci 2 akwai kuma wanda bai kai inci 2 ba da kaɗan. Mu kuma motocinmu daga ko'ina suke zuwa, motar Amurka tirelar Jamus. Baki mai faɗi a kan ƙaramin ƙwallo zai zauna kamar ya kama, ka ja shi cikin gari lafiya, sai ka daki rami a guje ya tsallake. Bayan ka kulle ka sa hannu ka ɗaga wuyan da ƙarfi, in ya kama bayan motar ne zai ɗaga tare da shi.

Sarƙa biyu ake sawa, a gicciye ƙarƙashin wuyan, ta hagu ta tafi dama ta dama ta tafi hagu, don in mahaɗi ya saki wuyan ya faɗa kan sarƙar maimakon ya soki kwalta. A bar mata sakin da za a sha kwana amma kada ta ja ƙasa. Igiya ba ta maye gurbin sarƙa.

Wuta kuwa, tirela na rufe fitilun bayan motarka, na bayanka baya ganin birkinka baya ganin siginarka. Haɗa mata wayar wuta aikin ɗan lokaci ne wajen mai wayarin, da jan tef mai ƙyalli a baya da gefe. Tirela baƙa ba wuta da daddare ko cikin ƙurar hunturu, mai tahowa fitilar motarka kawai zai hango can gaba in ma ya hango, bai san akwai ƙarfe mita 3 kafin nan ba.

Masu cewa tafiya a hankali ma haɗari ce

Suna da gaskiyarsu, ba zan ƙi ba. A titin da ƙananan motocin haya ke wuce 120, wanda ke 45 kamar a tsaye yake, kuma bambancin gudu tsakanin motoci na kawo karo ta baya. Ga maganar tsaro, ba mai son yamma ta yi masa a hanya. Amma maganin wannan ba shine ka bi sahunsu ba, don su in abu ya taso za su iya kaucewa su taka birki, kai ba ka da ko ɗaya. Abin da zai kare ka daga na baya shine ya gan ka da wuri kuma ya san me za ka yi. Ka zauna a hannun dama inda manyan motoci suke, ka riƙe gudu ɗaya, wutarka na aiki, madubinka na nuna maka gefen tirelar, obatekin sai ya zama dole kuma ka tuna tsawonka ya ninku kafin ka koma hannunka. Ka fita da safe. A hanya mai hannu ɗaya irin ta Funtuwa ko ta Soba zuwa Pambeguwa in layi ya taru a bayanka ka samu wuri mai kyau ka sauka su wuce, don wanda ya gaji da binka shine zai yi obatekin ɗin ganganci ya jawo muku duka.

Kuma a duba lokacin da ake wa wannan gudun. Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne. A 100 minti 48, a 80 awa ɗaya, a 60 awa ɗaya da minti 20. Tsakanin mai 100 da mai 60 rabin awa ne da ɗan ɗoriya, Kano kuma abin ya kusa awa guda. Man da za ka sha ma ya ragu, don tirela iska take tarewa kuma turjiyar iska na ƙaruwa sosai da gudu, ga wanda ya haɗa tirela don gudun tsadar mai wannan ba ƙaramin abu bane.

Toh nawa kenan

A takarda lambar motar janwe mai jan wata 45 ce, wannan a sani. A aikace kuma ra'ayina shine haɗin gida marar birki, ɗauke da kaya, ba ta da dalilin wuce 60 ɗin da aka ba manyan tireloli a titi mai hannu biyu, a hanya mai hannu ɗaya 50, cikin gari irin Kwangila da PZ da Tudun Wada inda keke da babur ke shiga ta ko'ina kuwa 30 ma ta isa, kuma ka buɗe kwana sosai don tayar tirela ta ciki take yankewa. Mai 'yar kamfani da birki da sabuwar taya, shima ya ɗauki 80 ɗin Jamus a matsayin rufin da ba a taɓawa, ba wurin zama ba. Ruwan sama, hazo, dare, kaya masu tsawo, tankin ruwa, kowane ɗaya ka rage 10 ko fiye. In kuma ka ji bayan motar na ɗan jan ka hagu da dama ko ka ga tirelar na leƙowa a madubi ɗaya tana ɓacewa tana leƙowa a ɗayan, lambar da ke kan maleji a lokacin ta yi yawa ko nawa ce.

Mutum kuma ba a ɗaukarsa a cikinta, ko 'yan aikin gona ne ko yaran da za su sauke kujeru, ko nan da Shika ne. Su shiga mota ko su bi a babur.

Da ka fita gari ka yi kamar kilomita 15 zuwa 20, samu wuri ka faka nesa da kwalta ka zagaya. Igiyoyi sun saki don kaya sun zauna, ƙara ja. Duba notunan taya, duba fin da sarƙa. Sa bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace taya, ɗumi ba komai, amma in ɗaya ta fi ɗayar zafi sosai ko ba ka iya taɓawa, boris ne, kada ka ci gaba sai bakanike ya buɗe ya gani. Ka maimaita a Jaji in Kaduna ka nufa, ko Tashar Yari in Kano ce. In kuma ta lalace maka a hanya ka ja ta can gefe, ka sa alamar kusurwa uku nesa sosai ta baya ba ganye kaɗai ba, lambar gaggawa ta Road Safety 122 ce.